Dattijuwa Ba Ta Bar Gida Ba

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar 'ya ce ga ubanta, cikin ladabi da girmamawa, daga ni da duk mutanen gidan nan. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da ƙannena biyu. Allah Ya sauƙaƙa maka aikinka, Ya yaye maka ciwon bayan nan da ka ce yana taso maka in ka daɗe a zaune, Ya kuma dawo mana da ku lafiya a lokacin da ya fi alheri. Mu a nan lafiyarmu ƙalau. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi sosai, yanzu har tsakar gida take zagayawa ba sanda, sai dai in ta ga Umma tana kallonta sai ta ɗauki sandar don kada a yi mata faɗa. Umma tana nan da ɗinkinta, Baba yana zuwa aiki kamar kullum. Ni kuma mun gama gwajin tsakiyar zango, na ci duka, sai dai lissafi ne ban kai inda nake so ba.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga gare ni, tunda in ka bugo waya ba na iya wuce lafiya lau da sai an jima. Ba rashin abin faɗa ba ne, Baffa. Da zarar an miƙo mini wayar kowa ya zuba mini ido, sai maganar ta maƙale. A takarda kuwa babu mai kallona. Kuma labarin da nake ɗauke da shi ba na minti biyu ba ne, shi ya sa na roƙi Baba kada ya riga ni gaya maka. Ya yi dariya ya ce ya bar mini.

Maganar Dattijuwa ce, tsohuwar motar marigayi mahaifinku, wadda kai da Baba kuka koyi tuƙi a cikinta, wadda ka roƙi Baba ranar tafiyarka kada ya rabu da ita sai ka dawo. Baffa, saura ƙiris da ka dawo ka tarar da garejinmu babu komai a ciki. An ɓoye maka ne don kada hankalinka ya tashi a can.

Wajen wata huɗu ke nan da ta tsiri wani hali. Wata safiyar in Baba ya murɗa makulli sai ta tashi lafiya, tana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Wata safiyar kuma sai ta kama karkarwa, sitiyari yana rawa a hannunsa, madubi yana kaɗawa har ba a ganin abin da ke baya, salansa, bututun hayaƙi, tana tari fat, fat, ga warin ɗanyen fetur. In muka tsaya a mahaɗar hanya dole Baba ya riƙa danna totur, in ba haka ba ta mutu. Ni da nake zaune a baya da jakar makaranta a cinya, har haƙorana haɗuwa suke yi. Sau biyar Baba yana kai ta wurin bakanikensa, wanda ka sani, Dogo, can ɗaya gefen gari. Abin haushi, kafin a isa garejinsa ta warke sarai. Dogo ya saurara, ya saurara, bai ji komai ba. Ya ce Dattijuwa irin yaran nan ne da zazzaɓi ke saki da sun hango mai allura. Duk da haka ya canza mata fulogi huɗu, ya wanke kabireta sau biyu, ya ce a daina shan mai a inda aka saba, daga ƙarshe ya ƙara mata silo, wato gudun da inji ke yi in mota tana tsaye, don kada ta riƙa mutuwa. Hakan bai hana karkarwa ba, sai dai ya sa tana yi da ƙara.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, ranar da aka fi bukatarta ranar ta fi tsiya. In za a je biki, ko Baba zai ɗauko baƙo, ko za a kai Kaka ganin likita, to ranar ce za ta yi ta rawar ɗari. Kaka ta ce ba abin mamaki ba ne, ai halin marigayi mai ita ta ɗauko, don shi ma in aka ce asibiti sai ya tuna yana da wani aiki. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ranar wata Talata, a hanyar kai Kaka asibiti, ta mutu a tsakiyar babbar mahaɗa ta ƙi tashi. Motoci suka cika bayanmu da ham, wasu suna leƙowa suna gaya wa Baba ya kai ta gidan tarihi. Sai da masu wucewa suka tura mu gefe. Kafin a isa, layin Kaka ya wuce, aka ce ta dawo wani makon. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba. Da muka dawo gida ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce alƙawarin da ya yi maka bai kai lafiyar mahaifiyarku ba. Washegari ya kira wani dillali, aka tsayar da Asabar ta sama za a zo a ɗauke ta. Na ji da kunnena dillalin yana cewa mota irin wannan ba mai hawanta kuma, farfasa ta za a yi a sayar da kayanta. Da yamma na ga Kaka a bakin gareji tana shafa murfin motar da gefen mayafinta.

To, ga inda na shigo. Tun kafin wannan Talatar, malamarmu ta kimiyya ta ba mu aiki: kowa ta zaɓi abu ɗaya a gida, ta lura da shi tsawon mako uku, ta rubuta abin da ta gani kullum ba tare da ta rubuta abin da take zato ba. Ƙawayena suka zaɓi tsiron wake da narkewar ƙanƙara. Ni na zaɓi Dattijuwa, don ina cikinta kowace safiya, kuma ba sai na yi wa kowa magana ba. Na ja layuka a bayan littafina: kwanan wata, ko akwai sanyi, inda aka sha mai, ko ta yi karkarwa, da minti nawa ta yi kafin ta daina. Da farko na zargi mai, kamar Dogo. Amma da mai ɗaya a tankinta ta yi lafiya ranar Lahadi, ta yi karkarwa ranar Litinin. Na koma zargin sanyin safiya, shi ma lissafin ya ƙi, don ranar da ta fi kowace sanyi lafiya ta tashi. Abu ɗaya kawai na samu tabbatacce: duk ranar da ta yi, takan daina bayan minti ashirin zuwa talatin. Wato daidai tsawon tafiya zuwa garejin Dogo.

Safa ce ta fitar da ni, Baffa. Wata safiya Umma ta yi mini faɗa wai kullum ina jiƙa farar safata kafin in bar gida. Na ce mata ba kullum ba ne, sai ranar da ƙasan gareji yake da ruwa. Ina faɗin haka gabana ya faɗi. Na koma ga littafina na riƙa tuna ranakun da na je makaranta da jiƙaƙƙiyar safa, sai na ga kusan duk su ne ranakun karkarwa. Na ƙara sabon layi, na sa masa suna ƙasa a jiƙe. Washegari na tashi da wuri na laɓe a bayan ƙofar kicin. Sai ga Baba ya fito da tiyo, ya wanke jikin motar tas, sannan ya ɗaga murfin inji ya sakar wa injin ruwa, sama da ƙasa, har yana bin lungu-lungu da tsumma. Duk gidan mun san Baba yana wanke mota, abu ne da muka saba gani har ba ma lura da shi. Amma ban taɓa sanin har cikin inji yake yi ba. Da na tambayi Kaka a fakaice, ta ce ai tun zamanin mahaifinku haka ake yi, don yakan ce injin mota ya kamata ya zama mutum zai iya cin abinci a kansa. Sai komai ya zauna daidai a kaina. Ranar biki da ranar asibiti su ne ranakun da Baba ya fi ba ta wanka, don kada a fita da ita da datti. Kuma tun da ta fara ciwon ya ƙara yawan wankan, yana zaton datti ne yake shaƙe ta.

Amma wanka kaɗai ba zai zama laifin ba, tunda shekara da shekaru ana yi mata ba ta taɓa kuka ba. Dole akwai abin da ya lalace wanda ruwa ke tona masa asiri. Na tuna wata rana ina ƙarama ka ɗaga ni ka nuna mini wayoyi huɗu masu kauri da ke kai wuta zuwa fulogi, ka ce kowace tana da ɗakinta a cikin inji, in ɗaya ta yi fashi sauran ukun ne za su ja motar tana ɗingishi. A makaranta kuma an koya mana cewa wutar lantarki hanya mafi sauƙi take bi, kuma ruwa mai datti yana ba ta hanya. Sai na yi tunanin ko robar ɗaya daga cikin wayoyin ta tsage. In a bushe take wuta ta wuce zuwa fulogi, in ta jiƙe wutar ta zille ta tsagar ta faɗa jikin ƙarfe, ɗakin nan ya rasa wuta, fetur ɗinsa ya fita ɗanye ta salansa. In inji ya yi zafi ruwan ya bushe, sai ta warke.

Gano wannan bai ba ni wuya ba kamar faɗinsa. Yaya zan dubi Baba in ce masa wankan da yake yi don ƙauna shi ne ke kayar da motar? Na gaya wa Umma tana kan keken ɗinki. Ta dakata, ta dube ni, ta ce ita ba ta san fulogi daga murfin tukunya ba, in ta kai maganar za ta ɓata ta, don haka in je da kaina. Sau uku ina zuwa ƙofar falo ina komawa. Ranar Alhamis, saura kwana biyu dillali ya zo, na kwafe jadawalin a farar takarda da rubutuna mafi kyau, na rubuta bayanin a ƙasa, na ƙara da ba shi haƙuri in na yi rashin kunya, na ajiye a kan kujerar direba. Washegari da safe Baba ya karanta a tsaye, ni ina baya kamar in nutse cikin kujera. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wanka bai taɓa kashe mota ba. Ranar ban fahimci ko darasi ɗaya ba. Da yamma kuwa na ji shi yana waya da Dogo, yana cewa ya zo gida gobe da sassafe da kayan aikinsa, don an samu sabon injiniya a gidan kuma yana so a yi gwajin a gaban shaidu.

Asabar da safe Dogo ya iso a kan babur ɗinsa. Baba ya miƙa masa takardata. Ya karanta yana murmushi, ya ce shekara talatin yana cikin baƙin mai, yau ga shi 'yar makaranta za ta ba shi darasi, to ya zo da kunnuwansa biyu. Ya ƙara da cewa shi kullum yana yabon tsabtar injin nan, bai taɓa tambayar yadda ake samunta ba. Baba ya ce in yi bayani da bakina. Na roƙi abu uku: kada a wanke ta tukuna, a bar ƙofar gareji a buɗe saboda hayaƙi, a kuma rufa bargo a kan murfin inji in an ɗaga shi don a samu duhu a ciki. Umma ta kawo tsohon bargo da 'yar kwalbar da take fesa wa tufafi ruwa in za ta yi guga. Ta kama mayafina ta cusa shi cikin rigata ta baya, ta ce ba ta haifi 'yar da fankar inji za ta ja ba. Kaka ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Baba ya tayar da mota. Ta tashi lafiya, ko motsi babu. Ni da Dogo muka sa kawunanmu ƙarƙashin bargon. Ya gargaɗe ni kada in taɓa waya da hannu, ya ce wutar ba ta kisa amma tana sa mutum ya kira sunan da bai yi niyya ba. Na fesa wa waya ta farko ruwa, tun daga sama har ƙasa, muka jira. Babu abin da ya faru. Na fesa wa ta biyu, nan ma shiru. Baffa, a lokacin nan zuciyata ta karye, na fara shirya yadda zan ba kowa haƙuri. Dogo ya ce in ci gaba, ai ba a yanke hukunci da rabin shaidu. Na fesa wa ta uku. Ban kai ga sauke hannuna ba inji ya yi tuntuɓe, motar ta kama karkarwar nan da muka sani, salansa ta soma tari. A cikin duhun kuma, can ƙasan wayar inda take kusa da wani ƙarfe, sai ga wata 'yar wuta shuɗiya tana tsalle, tas, tas, tas, kamar ana karya tsinke. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar wannan 'yar wutar ba.

Da Dogo ya gan ta sai ya kira Baba ya zo ya gani da idonsa. Baba ya sa kai, ya daɗe a ciki. Dogo ya ɗauko filaya mai roba a hannu ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Duk wadda ya zare sai inji ya ƙara shiga wahala, amma da ya zare ta ukun babu abin da ya canza, alamar dama ɗakin nan ba ya aiki. Aka kashe mota ya ciro wayar ya lanƙwasa ta a hasken rana. Ga tsaga nan a cikinta, siririya kamar gashi, a gefen da ke kallon ƙasa inda ta daɗe tana gugar ƙarfe. Ya ce sau biyar yana cire wannan waya da hannunsa bai taɓa juya ta ba. Ya hau babur ya je ya kawo sababbi guda huɗu, ya ce tunda sa'o'in juna ne gara su yi ritaya tare. Ya ɗaure su nesa da ƙarfen, ya mayar da silo inda yake a da. Sannan ya miƙo mini kwalbar ya ce injiniya ta duba aikin yaronta. Na fesa wa duka huɗun har kwalbar ta ƙare. Dattijuwa ko gezau. Baba bai gamsu ba sai da ya ɗauko tiyonsa. Dogo ya riƙe masa hannu, ya ce don Allah ya bari, daga yau tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta, tsohuwa ba ta son wankan ruwan sanyi. Kaka ta ce wannan maganar gaskiya ce, ita shaida ce.

Muna cikin haka dillali ya yi sallama, tare da motar da za ta ja Dattijuwa. Ya tarar da inji yana aiki, ya tsaya yana saurare, ya tambaya ko wannan ce motar da aka ce masa. Baba ya ba shi haƙuri a kan wahalar da ya sha, ya ce an fasa. Dillalin ya ce ai tsohuwar mota yau lafiya gobe ciwo, gara a rabu da ita tun tana numfashi. Sai Baba ya nuna ni, ni da nake ƙoƙarin ɓuya a bayan kujerar Kaka, ya ce in ta sake ciwo akwai likitarta a gida. Ban san inda zan sa fuskata ba, amma ba zan ɓoye maka ba, Baffa, daɗi ya kusa kashe ni.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Ban daina cika jadawalin ba ko da malama ta karɓi aikin ta ba ni maki mafi yawa a ajin. An yi ruwan sama sau biyu, an yi tafiya mai nisa sau ɗaya, kuma layin karkarwa babu komai a cikinsa daga sama har ƙasa. Yanzu Baba ba ya jan mota da safe sai ya juyo ya tambaye ni yadda na ji muryarta. Ni kuma sai in saurara tsakani da Allah kafin in ba shi amsa.

Kaka tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi mai sukari, labari yana zuwa mata. Baba da Umma suna gaishe ka da Anti. Ka shafa mini kan ƙannena, ka gaya wa babbar ina jiran zanen da ta yi mini alƙawari. Dogo ma ya ce lallai in sa gaisuwarsa, kuma in gaya maka yana neman wanda zai roƙar masa Baba ya ba shi aron ni ranakun hutu. Baba ya ce sai na gyara lissafina tukuna.

Za ka ji wani abu mai tauri a cikin ambulan ɗin nan. Guntun waya ta uku ce, na roƙi Dogo ya yanko mini daidai wurin. In ka riƙe ta a miƙe ba za ka ga komai ba. Ka lanƙwasa ta kusa da taga, za ka gani.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Motarku tana nan a gareji tana jiranka.

Ni ce 'yarka mai biyayya,
wadda kake kira Malama Shiru